Neman Ilmi Har Ƙasar Sin: Wa Ya Cancanci Tafiya Koyon Taici?

Tafiya neman ilmi ba baƙon abu ba ce wurin Bahaushe. Kakanninmu sun san cewa wanda ya ke son Alƙur'ani ya zauna masa daram, sai ya ɗauki allonsa da buzunsa ya nufi Gabas. Mai son nahawu da lugga kuwa ya nufi Zazzau. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa sai da ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Akwai ma maganar nan da kowane ɗan Islamiyya ya haddace, mai kwaɗaitar da neman ilmi ko da zai kai mutum birnin Sin. Malaman hadisi da yawa sun ce ba ta inganta daga Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma wannan bai fitar da ita daga bakin jama'a ba, domin a da in an ce Sin, to, ƙarshen duniya a ke nufi.

Yau ga Sin ta matso kusa. Kayanta sun cika Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, 'yan'uwanmu suna can suna karatun likita da injiniya, jirgin sama kuma yana kai mutum cikin yini da dare. Daga cikin hajar da ta ke tallata wa duniya har da waɗansu fannoni biyu na motsa jiki, taici da cigun. Duk mai wayar hannu da ya taɓa nuna sha'awarsu ya ga tallar makarantun da ke kiran baƙi su zo su sha daga tushe: hoton dutse cikin hazo, da dattijo mai farin gemu, da alkawarin takardar shaida bayan mako biyu ko wata guda. Ra'ayina, wanda na ke so 'yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata su auna da kyau, shi ne tafiyar tana da amfani ƙwarai, amma ga mutane ƙalilan, kuma ba irin wadda a ke talla ba. Wanda bai koyi ba'u ba a gida, ba shi da abin da zai je Gabas ya yi.

Sai mu fara sanin abin da a ke magana a kansa. Sinawa in za su rubuta sunan na farkon da haruffan boko sai su rubuta Taijiquan. Quan ɗin dunƙulen hannu ne, watau dambe. Taiji kuwa kalma ce ta falsafarsu, mai nufin tushen da abubuwa biyu masu kishiyantar juna, yin da yang, suka fito daga cikinsa, kamar dare da rana, ko laushi da tauri. Saboda haka asalin taici dabarar faɗa ce, ko da ya ke abin da duniya ta fi sani shi ne jerin motsin nan na sannu a hankali da tsofaffi ke yi da asuba a lambunan shaƙatawa. Na biyun kuwa Qigong su ke rubuta shi. Qi tana nufin numfashi ko iska, ko wani ƙarfin rai da likitancinsu na gargajiya ya ce yana zagaya jiki. Gong kuma ita ce ƙwarewar da naci da daɗewa ke haifarwa. Ana furta qi ɗin kamar "ci", amma ba cin tuwo ba ne, kuma ba ita ce "ci" ɗin da ke cikin taici ba, ko da ya ke masu talla da dama suna cakuɗa su, abin da ya isa ya nuna maka zurfin iliminsu.

Abin sha'awa shi ne, tarihin yaɗuwar taici daga baƙo ya fara. A lardin Henan, kusa da Rawayen Kogi, akwai wani ƙauye mai suna Chenjiagou, mazaunin zuriyar Chen. Masu binciken tarihi sun fi karkata ga cewa a nan ne wani tsohon soja, Chen Wangting, ya tsara wannan fanni a ƙarni na 17, zuriyarsa kuma suka riƙe shi a matsayin gadon gida, ba su koya wa bare. Sai wani saurayi daga Yongnian ta lardin Hebei, Yang Luchan, wanda aka haifa a 1799, ya zo ƙauyen. Labarin da a ke bayarwa shi ne barantaka ya yi, yana leƙen darasi da dare ta kafar katanga, har maigidan, Chen Changxing, ya ga nacinsa ya karɓe shi. Ana cewa shekara 18 ya kwashe yana zuwa yana komawa. Ko da an yi wa labarin ƙarin gishiri, abin da ba a musu a kansa shi ne wannan baren ne ya kai taici birnin Beijing ya koyar da 'yan sarauta da dogaran fada, jikansa Yang Chengfu kuma, wanda ya rasu a 1936, shi ya daidaita salon nan mai faɗi da taushi da ya fi kowane yaɗuwa a duniya. Ke nan ƙofar ba a rufe ta ke ga baƙo ba. Amma a dubi kuɗin da Yang Luchan ya biya: shekaru ne. Sinawa ma suna da karin maganar da ke cewa mai koyon taici ba ya fita ƙofar gida da shi sai bayan shekara goma.

Me ya sa sai an daɗe haka, alhali motsin ba gudu ba tsalle? Wannan ita ce tambayar da amsarta ke raba wanda ya kamata ya tafi da wanda ya kamata ya zauna. Jerin motsin kansa, watau ɗaga hannu nan, taka ƙafa can, ba shi ne ilmin ba. Wannan kam kowa na iya kwaikwayonsa daga hoton bidiyo a ɗakin kwanansa. Ilmin yana cikin abin da ido ba ya gani: ina nauyin jiki ya sauka, ƙugu ya saki ko ya ƙage, gwiwa tana bin saitin yatsun ƙafa ko ta karkace ciki, kafaɗa ta ɗaga ba da sanin mai ita ba. Mai koyo ba ya jin kuskurensa, domin jikinsa ya saba da shi tun yana yaro. Sai malami ya zo ya ɗora hannu a ƙugunsa, ya matsa shi da faɗin yatsa biyu, nan take cinya ta ɗauki zafi kamar an zuba mata garwashi, sa'an nan ya gane cewa duk tsayuwar da ya yi wata shida ba tsayuwa ba ce. Gobe ya koma ga kuskurensa, a sake gyara shi, jibi ma haka. Duk wanda ya yi karatun tajwidi ya san wannan. Littafi zai gaya maka daga ina harafin lodi ke fita, amma ba za ka furta shi daidai ba sai ka durƙusa gaban wanda zai saurare ka ya ce sake, ka sake, ya ce sake. Haka nan akwai darasin da su ke kira tura hannu, inda mutum biyu ke haɗa damatsa kowa yana neman ya ji inda ɗan'uwansa ya rasa daidaito. Wannan ba ya koyuwa sai da abokin yi wanda ya fi ka. Hannun malami da abokan yi ƙwararru, su ne kaɗai abin da Sin ke da shi wanda intanet ba ta iya kawo maka, kuma dukansu biyu ba su aiki sai da lokaci mai tsawo.

To, a mako biyu me za a ba ka? Galibi jeri mai motsi 24 ne, wanda hukumar wasanni ta gwamnatin Sin ta tsara a 1956 daga salon Yang, musamman don talakawa su koya cikin sauƙi. Yin sa duka bai wuce minti shida ba. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba, amma an yi shi ne don a koye shi a farfajiyar masana'anta da filin makaranta, ba don a ƙetare teku a neme shi ba. Takardar da za a miƙa maka ranar ban kwana kuwa, mai jan hatimi da rubutun da ba ka iya karantawa, shaida ce ta cewa ka zo ka kuma biya. Ƙungiyar wushu ta ƙasar Sin tana da nata tsarin darajoji mai hawa tara da ta kafa a 1998, wanda a ke hawa ta hanyar jarrabawa da shekaru, kuma takardar makarantar kuɗi ba ita ce wannan ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne halinmu na girmama takarda. Mutum ya dawo ya rataya ta a bango, ya ɗinka farar riga mai maɓallin zare, ya buɗe aji, ya tara dattawa masu ciwon gwiwa yana sa su durƙuso irin wanda shi kansa ba a gyara masa ba. Gwiwar da aka murɗa bisa kuskure kullum safiya ba ta san cewa malamin ya je Sin ba.

Wanda ya yi niyyar tafiya ta gaskiya, wajibi ne ya san wuraren, don ba ɗaya su ke ba. Chenjiagou tana nan, amma kada a zaci ƙauye ne da ilmi ya kwanta a cikinsa ba tare da girgiza ba tun ƙarni na 17. Yaƙi da yunwa sun kusa kashe fannin a mahaifarsa, har sai da Chen Zhaopi ya koma gida a 1958 ya tara yara ya fara koya musu, sa'an nan juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya zo ya wulakanta shi a kan haka. Yaran da ya koyar su ne suka zama manyan malaman da duniya ta sani. Baƙi sun fara zuwa a farkon shekarun 1980, Japanawa ne kan gaba, kuma bayan hukumar UNESCO ta sa taici cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam a watan Disamba na 2020, sai kasuwar ta ƙara buɗewa. Ga wani abin da talla ba ta faɗa: manyan malaman su ma matafiya ne. Chen Xiaowang, alal misali, ya ƙaura zuwa Ostireliya tun 1990. Mutum na iya sayar da gonar gado ya isa makarantar da ke ɗauke da sunan wani shahararre, ya tarar mai sunan yana Turai yana koyarwa, shi kuwa an haɗa shi da wani matashi sa'ansa. Matashin na iya zama gwani, ba a nan take ba. Amma ya kamata tun daga gida a tambaya, a rubuce, wane ne zai tsaya a kaina kowace safiya, mu nawa ne a ajin, kuma daga wa shi ya karɓa. Mu da muka san darajar salsala da ijaza bai kamata a koya mana wannan tambaya ba.

Sai duwatsun Wudang na lardin Hubei, inda mafi yawan hotunan hazon nan ke fitowa. Wuri ne na ibadar mabiya addinin Dao, gine-ginensa kuma sun shiga jerin kayan tarihi na duniya tun 1994. A can za a gaya maka cewa wani waliyyinsu, Zhang Sanfeng, shi ya ƙago taici bayan ya ga faɗan tsuntsu da maciji. Labari ne mai daɗi, amma masanin tarihi Tang Hao, wanda ya je Chenjiagou ya binciki takardun zuriyar a shekarun 1930, ya nuna cewa ba shi da madogara. Hanya ta uku, wadda ba ta da hazo ba ta da farin gemu, ita ce ta jami'o'in wasanni, irin ta Beijing da aka kafa a 1953, da ta Shanghai. A nan akwai manhaja, da darasin sanin sassan jiki, da digirin da ma'aikatar ilmi ta kowace ƙasa za ta iya tantancewa. Luc Bendza, ɗan ƙasar Gabon da finafinan Bruce Lee suka ja shi zuwa Sin yana yaro a shekarun 1980, ta wannan hanya ya bi, ya zauna shekaru, ya iya harshen, har ya zama sananne a fagen wushu. Ga ɗalibin jami'a irinmu, a ganina, wannan ce hanyar da ta fi hankali.

Batun cigun ya fi na taici santsi, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Motsa jiki tare da sarrafa numfashi tsohon abu ne a Sin. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sami ƙyallen siliki mai zanen mutum 44 kowa yana wani irin motsi. Amma sunan cigun a matsayin laƙabin da ya tattara su duka bai yaɗu ba sai a shekarun 1950, ta hannun wani jami'i mai suna Liu Guizhen da ya shugabanci gidan jinya a Beidaihe. Daga nan, a shekarun 1980, sai abin ya zama kamar annoba. Miliyoyin mutane suka shiga, aka sami "manyan malamai" masu cika filayen wasa, masu cewa suna aika ƙarfin qi daga tafin hannunsu ya warkar da majinyaci ba tare da sun taɓa shi ba. Ɗaya daga cikinsu, Yan Xin, har an danganta masa kashe gobarar dajin da ta ci arewa maso gabashin ƙasar a 1987, daga nesa. A 1988 wata tawagar masu bincike daga Amurka da Kanada, cikinsu har da James Randi, ta je ta gwada waɗansu masu irin wannan da'awa, aka raba malami da majinyaci ta yadda ba su ganin juna, sai ƙarfin ya ɓace. Ƙarshen zamanin ya zo a 1999, sa'ad da gwamnati ta haramta ƙungiyar Falun Gong ta kuma bi mabiyanta da kamu da ɗauri, abin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta suka a kansa. Bayan haka hukuma ta tsara nata cigun na lafiya, ta fitar da jeri huɗu a 2003, cikinsu akwai Baduanjin mai motsi takwas da Wuqinxi mai kwaikwayon dabbobi biyar.

Darasi biyu ke cikin wannan tarihi ga baƙo. Na farko, kalmar cigun tana da siyasa a Sin, kuma wanda ya shiga ƙasar yana ɗauke da littattafan ƙungiyar da aka haramta, ko da bai san ta ba, ya jawo wa kansa abin da ofishin jakadanci zai sha wuya kafin ya fitar da shi. Na biyu ya fi kusa da gida. Mu ba baƙin masu da'awar warkar da kowace cuta ba ne. Muna jin su da lasifika a tasha da bakin kasuwa. Abin mamaki ne ɗan jami'a da zai yi wa mai maganin tasha dariya, ya buɗe baki yana sauraron irin wannan magana don kawai mai yin ta Basine ne kuma ya sa rigar siliki. Duk wanda ya ce maka zai narkar da ciwon daji da tafin hannu, ko ya ce majinyaci ya ajiye maganin asibiti, boka ne, ko a Wudang ya ke ko a bayan tasha.

Wannan ba ya nufin babu amfani. Akwai, kuma an auna shi. A 2018 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a jihar Oregon ta Amurka a kan tsofaffi 670 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda ke cikin haɗarin faɗuwa. An raba su rukuni uku, kowane rukuni yana darasin awa guda sau biyu a mako har mako 24. Waɗanda suka yi taici, faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari in an gwada da waɗanda suka yi miƙe gaɓoɓi kawai. Kafin wannan, a 2012, shugaban binciken, Fuzhong Li, ya nuna cewa taici na taimaka wa masu cutar karkarwa ta Parkinson wajen daidaita tsayuwa. Duk wanda ya taɓa ganin kakarsa ta zame a makewayi ta karya ƙugu, ta kwanta kwanciyar da ba ta tashi ba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a lura da kyau: tsofaffin Oregon ba su je Sin ba. A unguwanninsu aka koya musu, kuma jerin da aka yi amfani da shi motsi takwas ne kacal. Ashe mai neman lafiyar jikinsa kaɗai ba ya bukatar biza. Wanda ke bukatarta shi ne wanda zai koyar da masu koyarwa.

Mai neman faɗa kuwa, wanda finafinan Chanis suka hure wa kunne, sai ya nemi labarin abin da ya faru a birnin Chengdu a watan Afrilu na 2017, inda ɗan damben zamani Xu Xiaodong ya kayar da wani mai kiran kansa malamin taici, Wei Lei, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai masu taici da ke iya kokawa ta gaske, amma su ne waɗanda ke gwabzawa da abokan karawa kullum. In bugu ka ke so, gidan dambe ya fi kusa, kuma kuɗin mota kawai za ka biya.

Akwai kuma abin da ɗan'uwa Musulmi zai yi tunani a kansa tun kafin ya yanki tikiti. Gaisuwar yau da kullum a makarantun nan ba ta da matsala: dunƙulen hannun dama a ke haɗawa da tafin hagu a gaban ƙirji, kusan jinjinar da mu ke yi wa sarakuna. Inda maganar ta ke shi ne bikin da a ke yi in malami zai karɓi mutum a matsayin almajirin cikin gida. A al'adance akwai miƙa shayi, da ƙona turare gaban hotunan magabata, da durƙusawa a kai goshi ƙasa. Goshin Musulmi kuwa wuri ɗaya ya ke sauka. Yawancin baƙi ba a neman su da wannan biki, amma wanda ya daɗe har ya kai matsayin, gara ya faɗa wa malamin iyakarsa tun ranar farko, cikin ladabi, da ya bari sai an kunna turare jama'a sun taru sa'an nan ya noƙe. Kada kuma a zaci abin zai zama baƙo ga Sinawa. Musulmin ƙabilar Hui sun daɗe da shahara a fannonin faɗa. Wang Ziping, wanda ya rasu a 1973, yana cikin manyan gwanayen ƙarnin da ya wuce, kuma Musulmi ne. Lardin Henan kansa yana da Musulmi da masallatai masu yawa. Amma ɗakin girkin makarantar ƙauye ba ya bin wannan lissafi, naman alade da kitsensa su ne na yau da kullum, don haka kalmar qingzhen, watau halal, tana cikin kalmomin farko da ya kamata baƙo ya iya furtawa ya kuma gane rubutunta a ƙofar gidan abinci.

Wannan ya kawo mu ga harshe. Gidan rediyon Beijing ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, shekara takwas kafin Nijeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971. Su da suka so su yi magana da mu, harshenmu suka fara koya. Mu kuwa sai mu ɗauki jaka mu tafi neman ilmi mai zurfi da Turancin da malamin ma ba ya ji, muna dogara da tafinta ko na'urar fassara ta waya. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To, ina ga wanda ya haɗa da kurumta? An buɗe cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Legas tun kafin 2010, kuma shekara guda ta koyon harshe kafin tafiya ta fi wata uku na farko da za a ɓata ana nuni da hannu.

Ba zan ɓoye batun launin fata ba, don ɓoye shi cin amanar mai karatu ne. A watan Disamba na 1988 an yi tarzoma a kan ɗaliban Afirka a birnin Nanjing. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da masaukai a Guangzhou, cikinsu har da 'yan Nijeriya, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa rashin jin daɗi. A ƙauye abin da baƙar fata zai fi gamuwa da shi shi ne kallo da ɗaukar hoto, wanda yawancinsa mamaki ne ba ƙiyayya ba, amma mai saurin fushi ya san da shi. Dokar shige da fice kuma ba ta wasa. Bizar ɗalibi iri biyu ce, X2 ga wanda zamansa bai wuce kwana 180 ba, X1 ga wanda ya wuce, shi kuma tilas ya nemi izinin zama cikin kwana 30 da shigarsa. Wanda bai sauka a otal ba, wajibi ne ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Wanda ya zarce wa'adinsa, tarar yuwan 500 ce kowace rana, ko tsarewa. Makarantar da ta ce ka zo da bizar yawon buɗe ido "za mu gyara daga baya", ta riga ta gaya maka irin makarantar da ta ke.

Kuɗi kuwa kowa ya san inda mu ke. Makarantun nan da dala su ke lissafi, ɗaruruwa a kowane wata, ban da jirgi da biza da rigunan sanyi, don hunturun Henan ruwa na daskarewa a cikinsa. Dalar da ta ke wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayu na 2023 ta haura 1,500 a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ƙaramin ma'aikaci ya yi lissafin wata nawa zai yi bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin mako biyun nan.

Saboda haka ga wanda na ke ganin ya cancanci tafiya: wanda ya riga ya yi shekara biyu ko uku yana yi a gida ba fashi, ya san harshen gwargwado, ya zaɓi malami ɗaya bayan bincike, zai zauna aƙalla shekara guda, kuma ya san wa zai koya wa in ya dawo. Irin wannan mutum ba shi ya kamata ya biya wa kansa ba. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu suna aika ɗalibai ƙasashen waje kowace shekara. Ban ga abin da zai hana a sa mutum biyu ko uku daga waɗanda suka gama sashen gashin ƙashi ko na ilmin wasanni cikin jerin ba, mace da namiji, da sharaɗin su dawo su yi aiki a asibitocin gwamnati na wasu shekaru. Na ce mace da gangan, domin iyayenmu mata da ke cikin gida su ne suka fi bukatar motsin da ba ya son fili ko kayan aiki ko tufafi na musamman, kuma namiji ba zai shiga ya ɗora musu hannu a ƙugu ba. Masu sha'awar gasa ma suna da tasu ƙofar, tun da a 2020 kwamitin Olimfik na duniya ya amince a sa wushu, har da taici, cikin wasannin matasa na Dakar, waɗanda aka ɗaga zuwa 2026.

Kafin gwamnati ta motsa, Ƙungiyar Ɗalibai tana da daraktan wasanni kuma tana da kasafi. Ta nemi wanda ya iya Baduanjin ko jerin nan mai motsi 24, ko cikin malaman sashen wasanni ko cikin Sinawan da ke aiki a garin nan, ta haɗa shi da wani daga asibitin koyarwa da zai riƙa duba gwiwoyin mutane, a buɗe rajista a ga mutum nawa za su kai ƙarshen zangon karatu ba su daina ba. Filin ƙwallo babu kowa a cikinsa daga sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai.